Ɗakin tsoho a ƙasa: mai amsa ya amsa da waƙa

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na bi ta gaban likitar da munka yi jinyar Baba bara nan Maradi, na tarar an jibge yashi da tsakuwa ana haƙar tushe, wai ƙarin ɗakuna za a yi, wallahi sai da na kashe babur na tsaya ina kallo, don kwana tara munka yi nan baranda babu gado lokacin da hawan jini ya kada shi. Ga abin da ya zo mani, mai amsa ya bi ƙafiyar.

Na ga yashi, na ga tsakuwa an jibge,
Na ga igiya an ja ta bakin hanya.
Sai na tuna daren da munka kawo Baba,
Bisa tabarma, ƙafa guda ba ta tahiya.
Ƙusa munka kafa jikin bango don sarum,
Inna na mashi fifita har asuba, ba gajiya.
Mai ginin nan, in ka ji ni, roƙona guda,
Ɗakin tsoho a ƙasa, kar hawa ya ba shi wuya.

Maso na Sabon Gari:
Allah shi ƙara ma Baba lahiya ɗan uwa. Wannan magana tawa ce, aikina ke nan.

Ɗan uwa na ji ka, ni ma magini ne,
Hannuna ya san siminti, ya san igiya.
Matakala uku wasa ce gare ni da kai,
Ga mai shanyewar jiki, sai an ɗauka an goya.
A zuba gangare mai sauƙi inda keke za ya bi,
Ƙofa mai faɗi, gado ya shige ba a juya.
Karo mai santsi kar a sa shi ban ɗaki,
Tsoho in ya zame, ƙugu ya karye, sai kwanciya.
A kafa ƙarfen dafawa jikin bango,
A sa masai na zama, a raba tsoho da jin kunya.

Kuma tun ana tushe ake faɗin irin wannan, in an riga an zuba dal, wato kankare, an yi shafe to gyara sai da fasawa, kuɗi biyu ke nan.

Majo mai ritaya:
Ƴaƴana sannunku, kun ta da mani tsohon miki. Ni ƙauye na yi yawancin aikina na majo, wato babban ma'aikacin jinya, kuma abin da na gani shi ne duk ƙarhinmu ya tahi wajen uwa da jariri, kuma daidai ne, tun 2006 yaro ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba shi, amma tsoho ba shi cikin wannan lissahi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum wajen dubu 267 cikin garin Maradi, jihar baki ɗaya miliyan 3 da dubu 400, yanzu ku duba inda gari ya kai bayan Zariya da Ali Ɗan Sofo, kowane gida kuwa akwai tsoho ko tsohuwa mai tansiyo, wato hawan jini, ko sukari ko yanar ido ko wanda hitsari ke tsaya ma. Ku yi mani haƙuri zan canza ƙafiya.

Bango ba ya auna tansiyo, ɗana,
Kwano ba ya rubuta ma kowa magani.
Gado ɗari in babu mai zagaya su da dare,
Rijiya ce babu guga tsakiyar rani.
Yaran da Jami'ar Ɗan Dikko ke yayewa,
A riƙe su nan gida, kar su tahi garin wani.
Hawan jini ba ya sallama in za ya shiga,
Sai baki ya karkace, hannu ya ƙi bin umurni.
Ku kai tsohinku awo tun suna bisa ƙafa,
Ƙwaya guda da sahe ta hi jinyar watanni.

In an auna tansiyo an ga ya kai 14 da 9 ko ya wuce, kuma an sake aunawa wata rana haka ne, to a fara magani a rage gishiri da magi, kuma don Allah kar a bari don an ji sauƙi, nan ne mutanenmu ke faɗuwa.

Ɗiyar Tibiri:
Baba Majo gaskiyarka, amma ku maza duk kun mance da mu.

Na ji ta maso, na ji ta Baba Majo,
Akwai waɗanda zanen gini ke mantawa.
Mu ƴan jinya ƙarƙashin bedi muke kwana,
Duwatsu uku da tukunya, nan muke dahuwa.
Wata daga Dakoro, wata Mayahi ta hito,
Da ƙullin gero da buta, babu ɗan uwa.
Uwar mijina sukari ya ci mata yatsa,
Wata biyu ni ke ɗaukar ta zuwa wankewa.
A yi muna rumfa, a ja pampo kusa da mu,
In hadari ya taso mu samu wurin fakewa.
Ɗakin tsohin mata a sa mashi labule,
Kaka ba ta son a buɗe ta gaban kowa.

Wata baiwar Allah da munka zauna tare, ta Gidan Rumji, goyo gare ta ga kuma tsohuwarta kwance, ran da ruwa ya sauko da dare zanenta ta cire ta ruhe garin kunu ita ta jiƙe, har yau ina ganin ta cikin idona.

Ɗan Babbar Kasuwa:
Yaya wallahi kin sa ni hawaye. Mu kawunmu hitsari ne ya tsaya mashi, aka sa tiyo, aka ce aiki za a yi, munka yi ta lissahi ko Yamai da ke sama da kilomita 600 ko mu bi Ɗan Isa mu ƙetara Katsina, tsoho da tiyo cikin mota ga ramu ga rana, ba na so ma kowa. Ni ban iya waƙa sosai ba amma ga nawa, bisa ƙafiyarki.

Alhazan garinmu, ku da Allah ya ba,
Kun gina masallatai, mun gani muna yabawa.
Rumfar ƴan jinya ita ma sadaka ce,
Ni na ɗauki siminti buhu biyar, sai a zo ɗaukawa.

Maso na Sabon Gari:
In dai rumfa ce kuma hukumar likitar ta yarda, aikin hannu na kwana uku ni da yarana ba mu karɓar ko dala.

Ɗan Bagalam:
Allah shi saka maku. Na karanta ma Baba duka, yana ji sarai ko da maganar ba ta hita daidai. Abin da ban faɗa maku ba, shi Baba yana cikin jariran da anka goyo lokacin da Gulbi ya ci tsohon gari a 1945 anka hau tudu, yanzu ya haura 80. Na koma ƙafiyata ta fari.

Goye anka hau da shi tudu yana jariri,
Ruwa na bin sawu, uwa tai ba ta waiwaya.
Ya girma ya ɗauki laka ya ta da ɗakuna,
Ya yi noman gujiya, ya ci da mu ba ƙyuya.
Yau ga shi ni ke goya shi zuwa mota,
Ƙashin bayana na jin hakarkarinsa ɗaya-ɗaya.
Da na zo wajen labulen Kaka ya ɗaga hannu,
Hannun hagun nan mai rai, ya nuna Inna, ya yi dariya.

Maso, alhamis nike kai shi awon tansiyo da ƙarhe tara, in kana da hali mu haɗu bakin ƙofa mu nemi mai kula da ginin ka yi mashi bayanin gangaren da bakinka, kai ka san sunayen abubuwan. Baba Majo, ƙwayar tashi saura ta kwana huɗu, in tahi da kwalin ko takardar ta isa?