Neman shawara: manomi ya ba ni izinin harbin barewa da baka a gonarsa, ta ina zan fara?

Baban Hanif, Kolombus:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a jihar Ohayo. Akwai wani dattijo Bature da muka saba, yana noman masara da waken suya, kuma gonarsa ta jingina da kurmi. Barewar nan masu farar wutsiya suna yi masa ɓarna, shi ne ya ce in ina so in zo in yi farauta da baka a kakar bana. Ɗansa ya taɓa ɗaura dandamalin ƙarfe a kan wasu bishiyoyi shekarun baya, suna nan har yanzu, ya ce in hau abina. Na sayi baka na zamani mai 'yan tayoyi a kawunansa, ina gwaji a ƙasa, kuma a yadi 20 kibiyoyina suna taruwa wuri ɗaya. Kakana maharbi ne, amma labari kawai na gada. Ina so in san abin da doka take buƙata, da yadda ake zaman bishiya. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne halacci: idan barewa ta mutu kafin in isa gare ta da wuƙa, naman ya ciwu? Don nama nake so in kai gida, ba ƙaho ba.

Ɗan Zangon Kumasi, Ohayo:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da takardu. Izinin baki ba ya isa a Ohayo, sai mai gona ya rubuta maka ya sa hannu, kuma takardar ta kasance a jikinka duk ranar da ka shiga. Sai lasisin farauta, sai izinin barewa daban. Mai yankar lasisi karon farko sai ya yi kwas ɗin koyon farauta, ko ya yanki na ɗan koyo, wanda dole wani babba mai cikakken lasisi ya raka shi. Lokacin baka yana buɗewa ƙarshen Satumba ya kai farkon Fabrairu, daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Ƙarfin jan bakanka kada ya gaza laba 40, kan kibiya kuma ya zama mai kaifi biyu aƙalla. Namiji mai ƙaho ɗaya tak aka yarda maka a shekara, adadin sauran kuma ya danganta da gunduma. In ka kashe, sai ka yi rajistarta da hukumar namun daji ta jiha, ta waya ko ta intanet. A makon masu bindiga kuma, ko da baka ka fita, dole ka sa riga mai ruwan lemo. Ka karɓi littafin dokokin bana a shagon kayan farauta, kyauta ne, don suna sauya wasu abubuwa duk shekara.

Injiniya, Wiskonsin:
Malam Baban Hanif, maganar tsoffin dandamalin nan ce ta sa na kasa wucewa. Don Allah kada ka hau su. Abin da ya yi shekaru a waje, rana da ruwa da ƙanƙara sun ci igiyoyinsa, kuregu sun gaigaye su, bishiyar kuma ta ƙara kauri ta ja su har sun kusa tsinkewa. Da ido za ka ga lafiya lau, sai ka ɗora nauyinka. Ka sauke su, ka duba ƙarfen da kusoshin a ƙasa, ka sa sababbin igiyoyi, ko ka sayi naka.

Ita kanta bishiyar a duba ta. Akwai wani koren ƙwaro da aka fara ganowa kusa da Detroit a 2002, ya kashe itacen ash birjik a Ohayo da maƙwabtanta. Da yawansu suna tsaye amma matattu ne, reshe yana iya karyewa ba gargaɗi. Ɗaga kai ka ga ganye kafin ka zaɓa.

Sai ɗamarar tsaro. Ka sayi mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, ba bel na kugu kaɗai ba. Yawancin masu faɗowa wajen hawa ko sauka suke faɗowa, musamman lokacin da suke taka dandamalin daga tsani. Saboda haka a ɗaura doguwar igiya daga sama har gindin bishiya, da ƙulli mai zamewa wanda yake cijewa in an fizge shi. Ka maƙala kanka tun ƙafarka tana ƙasa, kada ka kwance sai ka dawo ƙasa. Baka da kwari ba a hawa da su a hannu, da siririyar igiya ake jawo su bayan an zauna. Wayarka a aljihun gaba, kuma mai gonar da iyalinka su san bishiyar da kake kai da lokacin dawowarka. Tsayin ƙafa 15 zuwa 20 ya wadatar.

Baba Mai Baka, Fensilbeniya:
Yaro, abin da Injiniya ya faɗa ka riƙe shi. Ni zan yi maka maganar dabbar.

Barewar nan da hanci take rayuwa. Idonta motsi yake kamawa, kunnenta yana da kyau, amma hancin ne ba a yaudara. Shaguna cike suke da sabulu da turaren ɓoye wari, ba na hana ka saya, sai dai kada ka dogara da su. Iska ita ce magana. Kafin ka fita ka san daga ina take kaɗawa, ka zauna inda za ta kwashe warinka zuwa wurin da barewa ba sa fitowa. In ta juya tana kai warinka makwancinsu, ranar ba ranar wannan bishiyar ba ce, shi ya sa ake tanadin wuri fiye da ɗaya. A ƙasa mai tudu da kwari, da safe in rana ta ɗumama ƙasa iska takan yi sama, da yamma kuma ta gangara kwari da warinka.

A gona irin wannan, rayuwarsu tsakanin makwanci da abinci take. Da rana suna kwance a sarƙaƙiya, da la'asar su nufi gona. Kai kana neman hanyar da ke tsakani, musamman inda ta matse: kusurwar gona, zirin bishiyoyi tsakanin kurmi biyu, mashigar rafi, wurin da shinge ya faɗi. Tambayi mai gonar, ya fi kowa sanin inda suke ɓullowa, don kullum yana ganinsu daga kan tarakta. Abincin ma sauyawa yake yi. Farkon lokaci suna kan waken suya muddin ganyensa kore ne, in ya yi rawaya su ja baya. In 'ya'yan itacen ok suka fara zuba, musamman na farin ok da ba su da ɗaci sosai, sai ka ga gona fayau, duk suna cikin kurmi. Bayan an girbe masara su dawo kala.

A Oktoba zaman yamma ya fi. In ka shiga gona da asuba za ka tarar da su suna ci, ka kore su da kanka. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba lokacin barbara ne, mazan suna yawo ko da rana tsaka suna neman mata. Za ka ga sun goge ɓawon ƙananan bishiyoyi da ƙaho, sun share ƙasa da kofato a ƙarƙashin reshe mai sunkuyowa. In kana da hutu a wurin aiki, nan za ka kashe shi. Kuma kada ka yi ta zama bishiya ɗaya kullum, suna ganewa.

Gwajin ƙasa da kake yi bai isa ba. Ka yi harbi daga sama, sanye da rigar sanyin da za ka sa ranar, da kan kibiyar farauta na gaske. Ka sunkuya daga kugu, kada ka sauke hannu kawai, in ba haka ba kibiya za ta bi sama. Bana kada ka wuce yadi 20 ɗin da ka iya. Ƙarar tsirkiya tana tafiyar ƙafa fiye da 1,100 a daƙiƙa, kibiyarka da ƙyar take kai 300, don haka barewa tana ji kafin ta iso, ta duƙa don zabura. In da nisa, wannan duƙawar ta isa ta ɓata harbin. Ka jira ta ba ka gefe, ko ta ɗan juya baya kaɗan, ka auna bayan ƙafar gaba don kibiya ta ratsa huhu biyu. In ta fuskance ka, ko tana daidai ƙarƙashinka, bar ta ta wuce.

Bayan harbi kada ka sauko nan take. Ka lura da inda ta bi. Jini mai haske da kumfa, huhu ne, rabin awa ya isa. Jini mai duhu, hanta ce, a ba ta awa huɗu. In kibiya ta fito da kore-kore da wari, tumbi ka samu, sai awa takwas ko fiye, wani lokaci har wayewar gari.

Baban Hanif:
Allah ya saka da alheri, Baba. To ga inda na tsaya: in na jira haka ai ta mutu ban yanka ba.

Malam Na-Damagaram, Niyok:
Ɗan'uwa, dabbar daji da ba a iya kamawa, harbinta shi ne yankanta, in an cika sharuɗɗa. Ka yi niyya, ka ce Bismillahi a daidai lokacin sakin kibiya. Makamin kuma ya kashe da kaifinsa. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya halatta abin da makami ya huda, ya hana abin da ya buge da gefensa, don wannan bugaggiya ce, irin wadda aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta. Kibiyarka mai kaifi ce, nan babu matsala. A ruwayar Muslim kuma an hana cin wadda aka tarar ta nutse a ruwa, don ba a san ko ruwan ne ya kashe ta ko kibiyar ba, sai ka kiyayi harbi a bakin rafi mai zurfi. In ka tarar da ita da cikakken rai, dole ka yanka, saboda haka wuƙa mai kaifi ba ta barin jikinka.

Maganar kwana ita ce mai nauyi a mazhabarmu. Risala ta ce ka ci abin da kibiyarka ta kashe matuƙar bai kwana ba kafin ka same shi, sannan ta kawo wani ƙaulin cewa in an sami kibiyar a makasa babu laifi a ci. Akwai kuma hadisin Abu Sa'alaba a Muslim da ya halatta ci ko bayan kwana uku, in bai yi wari ba. Malamanmu sun kuma ce wanda ya yi sakaci wajen bin abin da ya harba har ya mutu, kada ya ci, sai in ya tabbata ko ya bi ba zai riske shi da rai ba. Kuma tunda nama kake nema, ka fita daga farautar wasa da Risala ta ce makaruhi ce.

Baba Mai Baka:
Allah ya gafarta Malam, a nan nake da magana. Jiran da na ce ba sakaci ba ne. Barewar da aka samu a tumbi, in an ƙyale ta, kwanciya take yi nan kusa. In an taso ta, sai ta yi tafiya mai nisa ba ɗigon jini, ta mutu a inda ba wanda zai gan ta sai karnukan daji. Bin gaggawa shi ne asarar. Wadda kuma aka ratsa mata huhu biyu, cikin daƙiƙu take faɗuwa, ko da gudu ka sauko ba za ka same ta da rai ba.

Malam Na-Damagaram:
Na fahimta, Baba, kuma sanin halin dabba a wurinku yake. Ta huhun babu saɓani a kanta. Ta tumbin ce nake so ɗan'uwanmu ya guje mata tun daga sama, don ita ce take jefa mutum cikin shakka kuma take wahalar da dabba. In haske ya fara gushewa har ba ka ganin inda kake aunawa sosai, sauke bakan ko da agogo bai cika ba. In kuma ƙaddara ta sa hakan ta faru har ta kwana, ka kai wa malamin da ka amince da shi bayanin yadda ka same ta da inda kibiyar ta shiga.

Abdul na Maraɗi:
Maharbanmu dafi suke shafa wa kibiya, ko ƙwarzane ta yi sai dabba ta faɗi. Ba zai rage wahalar ba?

Ɗan Zangon Kumasi:
A'a ɗan'uwa, kibiya mai dafi haramun ce a dokar Ohayo, kada ma ya kusance ta.

Maman Walid, Kolombus:
Yaya, ni ma'aikaciyar jinya ce. Kaska mai baƙaƙen ƙafafu da ke kawo cutar Lyme ba ta ɓacewa da kaka, manyanta ma lokacin suke yawo. Ka fesa wa tufafinka maganin ƙwari na permethrin, a bar su su bushe, ba a shafa shi a fata. In ka dawo ka duba jikinka sosai. Wajen fiɗa ka sa safar hannu, ka fitar da kayan ciki da wuri, don farkon Oktoba yakan yi ɗumi, nama ba ya jira. Ka tafi da ƙanƙara a mota. Sannan ka bincika gundumar da gonar take. An gano cutar nan mai lalata ƙwaƙwalwar barewa a barewar daji a gundumar Wyandot a 2020, kuma yankin da ya haɗa da Hardin da Marion yana da dokoki na musamman. In can ne, ka kai a gwada kafin yara su ci. In mahauci zai sarrafa maka, ka tambaye shi ko yana haɗa naman mutane wuri ɗaya wajen niƙa, kuma ka ce kada ya sa kitsen alade, don da yawansu suna garwaya shi da naman barewa saboda rashin maiƙonsa.

Baban Hanif:
Wannan na ƙarshen ban taɓa jin sa ba, na gode ƙwarai Hajiya. Gonar tana kudu da Kolombus, ba ta wancan yankin ba. Asabar zan je mu sauke tsoffin dandamalin.

Injiniya:
In ka je, ka roƙi dattijon ya haɗa ka da maƙwabtan gonarsa. Barewar da aka harba tana iya tsallake shinge, kuma a Ohayo ba ka da ikon bin ta cikin gonar wani sai da izininsa. Ka karɓi lambobinsu tun yanzu. Ka nemi kuma lambar mai karen bin sawu a yankin, doka ta yarda da shi muddin yana ɗaure da igiya. Wajen sauke dandamalin ma ka sa ɗamarar, wani ya tsaya maka a ƙasa.