Share fagen Kofin Zakarun Afirka: me ya sa 2-1 a gida ke fitar da ƙungiyoyinmu?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Musu ake yi a gidan kallo, an rasa mai raba gardama. Wasu sun ce ƙungiyar da aka fitar a zagaye na biyu na share fagen Kofin Zakarun Afirka tana gangarawa Kofin Confederation, wato gasar da ke ƙasa da Kofin Zakaru, wasu sun ce an daina. Haka nan batun ƙwallon waje, tunda Turai ta soke shi, Afirka ma ta soke? Sai kuma babbar tambayata: ta yaya ƙungiya za ta ci wasa a gida, magoya baya su watse da murna, bayan mako guda a ce an fitar da ita? Masana ku warware mana dalla-dalla.

Malamin Idi-Araba:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari mu fara da tsarin, don daga nan ruɗanin yake tasowa.

Ba kowace ƙasa ke tura ƙungiya biyu ba. Ƙasashe 12 da ke saman jadawalin maki na shekara biyar na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, su ne ke da gurbi biyu a Kofin Zakaru da biyu a Confederation, sauran ɗaya-ɗaya. A wajenmu Najeriya ta ɗaya da ta biyu a gasar NPFL, babbar gasar lig ta ƙasa, ke zuwa Kofin Zakaru, ta uku da wadda ta ɗauki Kofin Federation su tafi Confederation. Share fage zagaye biyu ne, kowanne gida da waje, galibi mako guda tsakanin wasan farko da na biyu. Wasu manyan ƙungiyoyi da ke saman jadawali ana ɗauke musu zagayen farko, kuma adadinsu yana canzawa gwargwadon yawan ƙungiyoyin da suka shiga a wannan kaka. Rana ɗaya ake fitar da ƙuri'ar zagayen biyu, saboda haka tun kafin a taka leda ƙungiya ta san wanda ke jiranta a gaba in ta tsallake. Waɗanda suka tsira su 16 ne, a raba su rukuni huɗu. Kafin 2017 ƙungiya takwas kacal ke shiga rukuni.

Maganar gangarawa, kowane ɓangare na da gaskiyarsa, lokaci ne ya bambanta. Har kakar 2022/23 ana yi. A kakar nan ne Wydad ta Maroko ta fitar da Rivers United, Rivers ɗin ta gangara Confederation, ta kai zagayen kwata fainal inda Young Africans ta Tanzaniya ta tsayar da ita. Daga 2023/24 CAF ta toshe wannan ƙofa. Yanzu in an fitar da kai, sai gida.

Ƙwallon waje kuwa UEFA, hukumar ƙwallon Turai, ce ta soke a 2021, CAF ba ta bi ta ba. In jimillar wasa biyu ta zo daidai, a duba wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawa. In nan ma daidai ne, ba a ƙara minti 30, kai tsaye fenariti. Kocin da ya ɓoye ɗan wasa a benci yana jiran ƙarin lokaci ya yi asarar canji, domin lokacin ba zai zo ba.

To ga lissafin 2-1. Ka ci biyu, baƙo ya ci ɗaya. Abin da yake nema a gidansa 1-0 ne kawai, jimilla 2-2, ya wuce da ƙwallon da ya ci a wajenka. Amma da 1-0 ka ci, shi ma ya rama 1-0, fenariti za ku je, kuma da zarar ka ci ƙwallo ɗaya a can sai ya ci uku. Tazarar ƙwallo ɗaya ce duka biyun, amma 1-0 ta fi 2-1 daraja nesa ba kusa ba. Plateau United ta ɗanɗana wannan a 2022: ta doke Espérance 2-1 a Najeriya, aka ci ta 1-0 a Tunisiya, shi ke nan. Har a wasan ƙarshe abin ya taɓa cin mu, Heartland da TP Mazembe a 2009, 2-1 a Owerri, 1-0 a Lubumbashi, kofi ya tafi Kwango. Dokar ta taɓa yi mana rana ita ma a shekarar: Kano Pillars ta tashi 1-1 da Al Ahly a gida, ta je Alƙahira aka yi 2-2, ta shiga rukuni da ƙwallayen waje, ta kai har kusa da ƙarshe.

Mai Goro na Mile 12:

Malam ya gama da doka, Allah Ya ƙara ilimi. Sai dai ni a ganina rabin waɗannan wasanni a ofis da filin jirgi ake faɗuwa su, tun kafin alƙali ya busa.

Na farko kalanda. Ana buga share fage tsakanin Agusta da Oktoba, lokacin da kakarmu ko dai ba ta fara ba ko kuma yanzu ta ɗan motsa. Ƙungiyar da ta ci gasa a nan, kafin a zo wasan Afirka an saye mai cin ƙwallonta da ɗan bayan da ke riƙe mata gida, wani lokaci har koci ya tafi. Sunan ne ya cancanta, mutanen da suka kawo sunan ba sa nan. Sababbin da aka ɗebo sun yi wasan sada zumunci uku ko huɗu, ba su san wa ke tare wa a bugun kwana ba. Ka lura da ƙwallayen da ake cin mu a gida, da yawa daga kwana ne ko bugun tazara, wato wurin da rashin sabo ke bayyana.

Na biyu rajista. CAF na da ranar rufe karɓar sunaye. Ɗan wasan da aka ɗauko daga wata ƙasa sai takardar sakinsa ta fito ta na'urar FIFA kafin ya halatta, kuma in tsohuwar ƙungiyarsa na bin bashi ko tana jan ƙafa, ranar za ta wuce yana zaune a otal. Wanda kuma ke da ragowar dakatarwa daga wata kakar CAF da ta gabata, dakatarwar na bin sa duk inda ya koma. Sakataren ƙungiya ne ya kamata ya binciko wannan da kansa, domin in aka saka wanda bai halatta ba abokan karawa suka shigar da ƙara, ana iya korar ƙungiyar ko da ita ta ci a fili. Ga kuma lasisin ƙungiya da na koci: babban koci sai da lasisin CAF A ko sama da haka zai zauna a benci.

Na uku fili. Filin da CAF ba ta amince da shi ba, ba za ka karɓi baƙo a cikinsa ba. Suna duba ciyawa, fitilu, ɗakunan canza kaya, wurin 'yan jarida, kujeru da hanyoyin fita. Shi ya sa kuka ga Enyimba da Rangers da Rivers United duk sun yi wasannin gida a filin Godswill Akpabio na Uyo. Sunansa wasan gida, amma otal kake kwana, kuɗin mota ya hana magoya baya zuwa, kujeru 30,000 babu kowa sai amsa kuwwa.

Sai tafiya. Cikin ECOWAS babu biza, da sauƙi. Amma in ƙuri'a ta haɗa ka da ƙungiyar Angola, Mozambik ko Komoros, daga Ikeja sai ka bi ta Adis Ababa ko Nairobi ko Lome, a kwana a hanya. In an sayi tikiti a makare ba za a sami kujera talatin a jirgi ɗaya ba, sai a raba tawaga kashi biyu, rabi su sauka ana gobe wasa. Rashin katin rigakafin shawara ma yana tsayar da mutum a filin jirgi. Ga bambancin ƙasa: filin Mazembe ciyawar roba ce, ƙwallo ta fi gudu, takalmin ma daban. Adis Ababa ta haura mita 2,300 daga teku, ɗan wasan da ya saba da iskar Legas numfashinsa zai gaya masa kafin hutun rabin lokaci.

Duk wannan kuɗi ne. CAF ta fara bai wa ƙungiyoyin share fage dala 50,000 a kakar 2024/25. Tafiya ɗaya mai nisa da otal ta lashe su.

Ɗan Agege:

Na gode Malam, na gode Alhaji. To in haka ne, ashe gara ƙungiya ta tsare gida kawai ta nemi 1-0? Kuma faɗuwar nan da ake yi kowace shekara, tana iya ja mana rasa gurbi na biyu?

Tsohon Obalende:

Yaro, a'a, kada ka ɗauki maganar Malam ka mayar da ita tsoro. Lissafinsa daidai ne, amma ba cewa ya yi a koma baya a gida ba. Ƙungiyar da ta je Arewacin Afirka da tazarar ƙwallo ɗaya, ko 1-0 ce ko 2-1, ta ɗauki ruwa a kwando. Abin nema a gida 2-0 ne. Da ita Enyimba ta ɗauki kofi a 2003: 2-0 a Aba da Ismaily, aka ci ta 1-0 a Masar, ta dawo da kofin.

Tunda kai ɗan Agege ne, misalin yana bakin ƙofarka. A 2018 ƙungiyar MFM ta Legas ta fitar da Real Bamako, ta karɓi MC Alger a filin Agege ta ci 2-1. Aka je Aljeriya aka sha 6-0. Rivers United ma haka, 2-1 da Wydad, 6-0 a Kasablanka. Wannan ba ƙwallon waje ba ce ta fitar da su, rugujewa ce, kuma rugujewar tana da hanyar da take bi. Mai gida ya san ɗaya yake nema, sai ya taso da ƙarfi a minti 20 na farko, da daddare, fili cike, ana kunna wuta mai hayaƙi a wurin 'yan kallo, ba ka jin muryar golanka. Baƙo ya ja mutum goma baya, ya bar ɗan gaba ɗaya da ba zai iya riƙe ƙwallo ba, duk wadda aka kore ta dawo. Kwana ta biyar ko ta shida sai ta shiga. Daga nan tsarin da aka zo da shi ya mutu, don yanzu baƙon ne ke hanyar fita daga gasa. Dole ya fito nema, ya buɗe baya, a riƙa yanka shi ta gefe. Ƙwallo ta biyu da ta uku a nan suke zuwa, sauran kuma karyewar zuciya ce.

Maganinsa ba ɓoyayye ba ne. A wasan waje ka bar mutum biyu masu gudu a gaba don 'yan bayansu su ji tsoron hawowa. Ka hana bugun tazara kusa da da'ira, domin 'yan Arewacin Afirka sun ƙware wajen neman laifi a wurin. Ka tanadi canjin 'yan wasa biyar ɗin da doka ta ba ka da hankali, biyu aƙalla su kai minti 70. Masu bugun fenariti biyar a san su tun a sansani, kuma a tabbata suna cikin fili a minti 90, tunda babu ƙarin lokacin da za a shigo da su. Kuma a share fage babu VAR, wato bidiyon da ke taimaka wa alƙali, abin da ya busa ya zauna. Ɗan wasan da ya bi shi yana ihu kati kawai zai samo.

A gida kuma, wurin da ake yawan yin ɓarna shi ne bayan an ci ta biyu. Murna ta ɗauke hankali, 'yan baya na gefe duka biyu su haura neman ta uku, baƙo ya sami kora ɗaya. Da an kai 2-0, ɗaya daga cikinsu ya zauna, ɗan tsakiya mai tare gida kada ya ƙetare layin tsakiya.

Ba kullum dabara ba ce kuma, gaskiya ɗaya ce. Remo Stars, maƙwabtanmu na Ikenne, sun ɗauki NPFL karon farko a 2025, ƙuri'a ta kai su gaban Mamelodi Sundowns a zagaye na biyu, aka ci su 5-1 a Abeokuta. Wannan tazarar aljihu ce da ta shekarun gogewa, ba kuskuren minti ɗaya ba.

Malamin Idi-Araba:

Baba ya yi gaskiya, ban ce a tsare gida ba. Bari in amsa ɗaya tambayar, ta gurbi.

E, ana iya rasawa, kuma ga yadda ake ƙirgawa. Share fage ba ya ba da maki ko ɗaya. Ko ka ci wasa uku cikin huɗu, in ba ka shiga rukuni ba sifiri ka kawo wa ƙasarka. A Kofin Zakaru mai kofi na samun 6, na biyu 5, kusa da ƙarshe 4, kwata fainal 3, na uku a rukuni 2, na huɗu 1. A Confederation 5, 4, 3, 2, 1, sai rabin maki ga na huɗu a rukuni. Sannan a ninka: kakar da ta wuce sau biyar, wadda ke bayanta sau huɗu, haka har sau ɗaya. Ke nan ƙungiyar da ta shiga rukunin Kofin Zakaru ta ƙare a ƙarshe ba ta ci wasa ko ɗaya ba, ta kawo maki 5 a lissafin shekara mai zuwa. Wadda ta kai kwata fainal a Confederation ta kawo 10. Makin da Rivers United da Enyimba suka tara a Confederation ya taimaka ƙwarai wajen riƙe mu cikin 12 ɗin, shi ya sa soke gangarawar nan ta fi yi wa irinmu ciwo.

Jadawalin nan kuma ba ƙasa kaɗai yake shafa ba. Kowace ƙungiya na da nata makin, da shi ake ware manya a ƙuri'a. Marar maki ita ake haɗawa da babba tun a zagaye na biyu, kuma yawanci babbar ce ke karɓar wasa na biyu a gidanta. Ba ka shiga rukuni ba, ba ka da maki. Ba ka da maki, a sake ba ka Al Ahly ko Espérance baɗi. Mu kuma kusan kowace shekara sabbin ƙungiyoyi muke turawa, makin bai taru a hannu ɗaya ba.

Ta fuskar kuɗi, a jadawalin kyaututtukan 2023/24 shiga rukunin Kofin Zakaru kaɗai dala 700,000 ne, mai kofi miliyan 4. Ka kwatanta da 50,000 ɗin da Alhaji ya ambata, ka ga nauyin da ke kan wasa na biyu na zagaye na biyu.

Mai Goro na Mile 12:

Ƙari ɗaya ga masu zuwa gidan kallo: wasannin share fage ba duka ake haskawa ba, sau da yawa sai ƙungiyar da ke gida ta saka a Facebook ko YouTube ɗinta. Ku duba agogo kuma. Afirka ta Kudu na gabanmu da awa ɗaya, Tanzaniya da Habasha da awa biyu, Ghana da Mali kuma suna bayanmu da awa ɗaya. In sun rubuta ƙarfe huɗu a Darussalam, ƙarfe biyu ne a Legas.