Neman shawara: yaya zan auna alaƙar tunanin mutum game da lafiya da yawan motsa jikinsa?

Hauwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin binciken kammala digiri na biyu. Ina so in gano ko abin da mutum ya yarda da shi game da lafiyarsa, kamar ganin cewa hawan jini ko ciwon suga na iya kama shi, yana da alaƙa da yawan motsa jikinsa. Na rubuta tambayoyi 20 a kan tunanin lafiya, sai tambaya ɗaya: "Kana motsa jiki? E ko a'a." Niyyata in tara makin duka 20 ɗin in kwatanta da wannan amsar. Mutum 60 zan tambaya. Don Allah a duba mini inda zan gyara.

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam Malama Hauwa. Fara da cire tambayar e ko a'a, ita ce za ta rushe aikin. Wanda ke gudu kullum da wanda ya taka sau ɗaya a wata duk "e" za su ce, ga kuma mai aikin ƙarfi da zai ce "a'a" don bai ɗauki aikinsa motsa jiki ba.

Ki yi amfani da gajeriyar takardar IPAQ, wato takardar tambayoyi ta ƙasa da ƙasa da ake auna yawan motsa jiki da ita. Tambayoyi 7 ne kacal, a kan kwanaki 7 da suka wuce: kwana nawa, minti nawa a rana, na aiki mai tsanani, matsakaici, da tafiyar ƙasa, sannan lokacin zama. Abin da bai kai minti 10 a jere ba ba a ƙirga shi. Lissafin makin shi ne minti sau kwanaki sau awon MET, wato ma'aunin ƙarfin da aiki ke ci idan aka kwatanta da zaman hutu: tafiya 3.3, matsakaici 4, mai tsanani 8. Misali, tafiyar minti 30 kwana 5 ta ba da 495, matsakaicin aiki na minti 40 kwana 2 ya ba da 320, jimilla 815 a mako. Da yake mai wannan makin ya haɗa kwana 5 ko fiye kuma ya wuce 600, a ƙa'idar IPAQ yana rukunin masu matsakaicin motsa jiki.

Ƙa'idojin tsaftace amsoshi biyu ne mutane ke mantawa. Duk wanda ya ce ya wuce minti 180 a rana a nau'i ɗaya, a mayar da shi 180. Wanda jimillarsa ta haura minti 960 a rana, wato awa 16, a fitar da shi gaba ɗaya. In kina so ki raba motsin wurin aiki da na zirga-zirga da na nishaɗi, wata takardar tambayoyi mai suna GPAQ, ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fi dacewa, tambayoyinta 16. Ni ita zan zaɓa a irin tambayarki, domin tunanin lafiya bai cika shafar aikin da mutum ke yi dole don neman abinci ba, motsin da ya zaɓa da kansa ne abin kallo.

Malama Zainab: Ni matsalar da na hango tana wurin tara makin 20 wuri guda. Kada ki yi. Tsarin da aka saba bi a wannan fanni, wato Health Belief Model, masana halayyar ɗan Adam ne na hukumar lafiyar jama'a ta Amurka suka fito da shi a shekarun 1950, kuma sassa yake da su, kowanne da makinsa: ganin haɗarin kamuwa, ganin tsananin cutar, amfanin motsa jiki, abubuwan da ke hana shi, abin da ke zaburar da mutum (maganar likita, rashin lafiyar ɗan uwa), sai yarda da iyawar kai, wadda aka ƙara a 1988. In kika haɗa su, wanda ya ga amfani sosai kuma ya ga cikas sosai zai samu babban maki, alhali ɗaya na tura shi gaba ɗaya na ja da shi baya.

Kowane sashe ki ba shi aƙalla tambayoyi 3 ko 4, amsa mai mataki 5 daga "ban yarda ko kaɗan ba" zuwa "na yarda ƙwarai". Ki ambaci cuta takamaimai da aiki takamaimai. "Ina kula da lafiyata" ba ta auna komai, kowa zai amince. "Zan iya tafiyar minti 30 ko da na gaji bayan aiki" tana aunawa. Tambayar da aka juya ma'anarta, wato wadda yarda da ita ke nuna akasin abin da sashen ke aunawa, ki juya makinta kafin lissafi: ki cire amsar daga 6, 5 ta koma 1, 4 ta koma 2. Sannan ki lissafa alfa ta Cronbach, ma'aunin da ke nuna ko tambayoyin sashe ɗaya abu guda suke aunawa, ga kowane sashe daban. A ƙasa da 0.7 akwai gyara, kuma sau da yawa juya makin da aka manta ne sanadi.

Wani abu da zai iya ba ki mamaki: ganin haɗarin kamuwa na iya fitowa a juye. Mai motsa jiki kullum zai ce haɗarinsa kaɗan ne, saboda yana motsa jikin. Maganinsa ki sa sharaɗi a tambayar: "In ban motsa jiki ba, zan iya kamuwa da hawan jini nan da shekara 10."

Malam Auwal: Mutum 60 sun yi kaɗan, Malama. Don kama alaƙa mai ƙarfin 0.3 (0 babu alaƙa, 1 cikakkiya ce) da ƙarfin gwaji kashi 80 cikin ɗari, wato damar gano ta in akwai ta, kina buƙatar kimanin mutum 85. In alaƙar 0.2 ce, kusan 194. Irin wannan alaƙa kuwa ba ta cika girma ba, saboda haka ki nufi 200, ki ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari don takardun da za su dawo da giɓi. Makin MET kan karkace, mutane da yawa a ƙasa, 'yan kaɗan can sama, don haka wajen auna alaƙar gwajin Spearman za ki yi, mai duba jerin matsayi, ba na Pearson mai amfani da ainihin makin ba, ki kuma ba da rahoton adadin tsakiya, wato makin da ke tsakiya in an jera su, maimakon matsakaicin lissafi. Ki tambayi shekaru, jinsi, ilimi, irin aiki, da ko likita ya taɓa gaya wa mutum yana da ciwo. Shekaru musamman: dattijo ya fi ganin haɗari kuma ya fi ƙarancin motsi, sai ki ga alaƙar da tsufa ne ya haifar da ita.

Hauwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma Dakta, in mutane suka ƙara gishiri a amsarsu fa? Ba ni da kuɗin sayen na'urar auna motsi ga mutum 200.

Dakta Bashir: Za su ƙara, wannan sananne ne, kuma wanda ya fi yarda da amfanin motsa jiki shi ya fi jin kunyar cewa bai yi ba, sai alaƙar ta kumbura. Ba sai kowa ya sa na'ura ba. Ki zaɓi mutum 30 ta hanyar ƙuri'a su ɗaura na'urar ƙirga taku kwana 7, ki karɓi na wanda ya sa ta aƙalla kwana 4, awa 10 a rana, ki kwatanta da abin da suka faɗa. Ki sa tambayoyin motsa jiki a gaba, kafin na tunanin lafiya su nuna musu amsar da ake so. In lokaci ya ba ki dama, ki auna tunanin yau, ki koma bayan mako 4 ki auna motsa jikin. In kuwa zama ɗaya za ki yi, a rahotonki ki rubuta "akwai alaƙa" kawai, kada ki rubuta "yana jawowa". Kafin ki buga takardu 200, ki gwada a kan mutum 10 zuwa 15, kowanne ya faɗa miki da bakinsa abin da ya fahimta da "matsakaicin aiki". Bayanin da ya fi saurin shiga shi ne: numfashi ya ƙaru, amma mutum na iya magana.