Cigiyar kalma: wace jijiya ce "artery", wace ce "vein"?

Assalamu alaikum. Cigiya na zo da ita, amma ba akuya ce ta ɓata ba, kalma ce. Malaman Hausa, ma'aikatan asibiti, mahauta, ku matso kusa.

Makon jiya na raka gwaggona asibiti a nan Jos. Tana da ciwon suga, kuma 'yan watannin nan ko daga gida zuwa bakin titin Bauchi ta taka, sai sharaɓarta ta ɗaure, dole ta tsaya ta huta. Likita ya dudduba, ya taɓa bayan ƙafarta, ya ce mata da Hausarsa tas: "Mama, jijiyar ƙafarki ce ta tsuke." Muna fitowa ta ce in tsaya a kemis in sayo mata man zafi. Na ce na me, Gwaggo? Ta ce, "Kai ba ka ji ya ce jijiya ba? A mulke ta, ta saki."

Likita bai faɗi ba daidai ba, ita ma kunnenta bai yi mata ƙarya ba. Kalmar ce muka ɗora wa kaya ya fi ƙarfinta. Abin da ke maƙale wa mutum a haƙori in ya ci tsire, jijiya. Wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa, jijiya. Wadda nas take nema a bayan hannu za ta sa ƙarin ruwa, jijiya. Wadda ake tayarwa a wuya in gardama ta yi zafi, ita ma. Har saiwar bishiya wasu jijiya suke ce mata. Ni malamin kimiyyar halittu ne a sakandare, shekara da shekaru ina kauce wa matsalar ta hanyar jefa Turanci a tsakiyar bayani, sai ranar nan na ga inda kaucewar take kai mutum.

Kafin a raɗa wa yaro suna a san ko ɗan wane ne, don haka ga aikin a gurguje. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a dama biyu a hagu. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauko oksijin. Na hagu, wanda ya fi kaurin tsoka, shi ke tura wannan jinin zuwa ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Jinin baligi kimanin lita 5 ne, kuma in yana zaune yana hutawa zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, tana tura kusan lita 5 ɗin nan cikin mintin. Ke nan kafin ka gama karanta wannan sakin layi da na gaba, jininka ya zaga ya dawo.

Bututun da ke ɗaukar jini daga zuciya ya fita da shi, shi ne Bature ya ce wa artery. Bangonsa na da kauri, yana talewa yana komawa da kowane bugu, shi ya sa kake jin harbawarsa a tsintsiyar hannu, kuma ƙarfin jinin cikinsa ake aunawa in an ce maka 120 bisa 80. Wanda ke dawo da jini zuciya shi ne vein: bangonsa siriri, jinin cikinsa na tafiya a hankali, kuma a hannu da ƙafa yana da 'yan ƙofofi da ke hana jini komawa baya. Waɗannan biyun nake nema wa suna.

Bayan na yi wannan cigiya kun aiko da amsoshi, na karanta su, na gode ƙwarai. Bari in bi su.

Mafi yawanku kun ce "jijiyar jini mai kyau" da "jijiyar jini marar kyau". Da ni ma haka nake faɗa a aji, amma akwai rami a gaba. Artery ɗin da ke tashi daga zuciya zuwa huhu jinin da oksijin ɗinsa ya ragu yake ɗauka, vein ɗin da ke dawowa daga huhu kuwa su ne ɗauke da jan jini garau. Haka a igiyar cibiyar jariri: artery biyu ne ke fitar da jinin da aka gama amfani da shi zuwa mahaifa, vein ɗaya ke kawo mai oksijin. Sunan da zai ƙaryata kansa tun a cikin ƙirji bai yi ba. Balle ma ka ce wa Bahaushe yana da "jini marar kyau" a jiki, gobe da sassafe yana ƙofar wanzami a yi masa ƙaho.

Wani malami daga Unguwar Rogo ya ce me ya kai mu wahala, ga Larabci: shiryan (artery) da warid (vein). Ya kawo "hablil warid" na aya ta 16 a Suratu Ƙaf, da "watin" na Suratul Haƙƙa, wanda likitocin Larabawa suke fassarawa da babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Allah ya gafarta Malam, hujjarka na da nauyi, kuma Hausa ba baƙuwar aro daga Larabci ba ce. Ibnun Nafis ma, likitan da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, shi ya fara bayyana cewa jini ba ya ratsa bangon tsakiyar zuciya, ta huhu yake zagayawa. Matsalata ɗaya ce: in na ce wa Gwaggo "shiryan ɗinki ya tsuke", sai na sake fassara mata. An gudu ba a tsira ba.

Wata nas ta ce su a ɗakin marasa lafiya "mai harbawa" suke cewa, ɗayar kuma "ta ƙarin ruwa". Anti, wannan ya burge ni, don kowa na iya ɗora yatsa ya ji. Yana kuma da amfani ranar hatsari: in mai harbawa ce ta yanke, jini ja jawur ne ke tsartuwa bi da bi da bugun zuciya, in ɗayar ce sai ya kwararo a hankali da ɗan duhu. A bakin magana na karɓa. A littafin makaranta ne nake jin bai isa ba, don sunan na biyun ya dogara da allura, ba da aikin jijiyar ba.

Jiya na biya 'Yan Shanu na tambayi wani dattijon mahauci. Na ce, "Baba, ku me kuke ce musu?" Ya ce, "Malam, na wuya dai jannaye ne, su ake yankewa tare da maƙogwaro. Ta bayan dunduniya agara. Sauran duk jijiya ce, sai dai wata rami gare ta, wata babu." Wannan rabon nasa, mai rami da marar rami, ya fi na wasu littattafan tsabta. Da shi kaɗai da an raba Gwaggo da man zafi.

To ga inda na tsaya. Turawa sun yi ta laluben wannan abu: kalmar artery kanta daga Girkawa take, waɗanda suka riƙa ganin bututun a wofi a jikin gawa suka ɗauka iska ce ke bi ta ciki. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya tabbatar jini zagaye yake yi, ya fita ta nan ya dawo ta can. Abin da ya bambanta artery da vein ke nan, inda aka dosa. Mu kuwa aikatau ɗinmu da alƙiblarsa yake tafe: fita da fito, aika da aiko, koma da komo. Wasalin ƙarshe kawai ka sauya, tafiya ta juyo. Me zai sa mu bar wannan a gida mu tafi aro?

Shawarata: artery ta zama jijiyar kai-jini, vein ta zama jijiyar maido-jini. Irin ginin dafa-duka da fasa-ƙwauri ne, kunne ya saba da shi. Na so in ce "jijiyar kai" da "jijiyar kawo" don gajarta, amma a rubuce ta farkon za ta koma jijiyar da ke cikin kai. "Kawo" ma yana da tarko, don in kai ɗan yatsa ne, artery ce ke kawo maka jini. "Maido" ba shi da wannan, ba a maido abu sai inda ya fito. Ku gwada shi a kan huhu da cibiya, ba ya karyewa.

Mai son ya ga maido-jini da idonsa, ga gwajin da Harvey ya yi. Saki hannunka ƙasa har jijiyoyin su taso. Danne ɗaya da yatsa, ka sa wani yatsan ka shafe jinin zuwa sama, wajen gwiwar hannu. In ka dace da wurin da ƙofar take, za ka ga ta kwanta fayau, ba ta cika daga sama, sai ka ɗaga yatsan farko.

Saura 'yan ƙananan da ke haɗa su biyun, capillary, inda jini ke miƙa wa tsoka oksijin da abinci. Harvey bai taɓa ganinsu ba, Marcello Malpighi ne ya hango su a huhun kwaɗo da madubin ƙara girma a 1661. Tsabar sirantarsu, jajayen ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya suke bi. Wani ya ce "gashin jijiya", ni "silin jijiya" ya fi kwanta mini, amma ba zan ta da jijiyar wuya a kai ba. 'Yan ƙofofin nan kuwa bakanike ya riga mu, bawul ne, a bar masa abinsa.

Da daddare na gwada a kan Gwaggo. Na ce, "Gwaggo, jijiyar kai-jini ce ta tsuke, jinin ba ya isa ƙafar sosai." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe tiyo ne ya toshe, irin na masu lambu." Na ce kusan haka. Ta ce to in miƙa wa maƙwabciyarta man zafin, ita ce mai ciwon baya. Ranar Litinin zan kai sunayen gaban 'yan aji biyar, su ba sa jin kunyar yi wa kalma dariya.