Ina Hausar "difirishiyeshan" a lissafin bas-bas na haya?

Malamin Ringim: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka. Ina fassara wata 'yar takarda kan yadda kamfanin bas-bas na cikin birni yake tafiyar da kuɗinsa, za a karanta wa masu motocin haya na yankinmu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kuɗin shiga, albashi, kuɗin mai, tallafin gwamnati, duk na wuce su. Inda na cije shi ne layin da ake kira difirishiyeshan (depreciation) da Turanci. Na sa "faɗuwar daraja" amma raina bai kwanta ba. Gobe da la'asar takardar za ta tafi wajen mai bugawa.

Akawun Tasha: Wa alaikumus salam, Malam. Cire "faɗuwar daraja" tun da wuri. Rediyo ta riga ta ba naira wannan kalmar, duk wanda ya ji ta canjin dala zai tuna. Sannan ga matsala ta biyu: bas ɗin da aka saya shekaru biyar baya, yau ana iya taya ta fiye da kuɗin da aka saye ta. Ka ce wa mai ita darajarta ta faɗi, zai ce ƙarya ne, kuma a ganinsa yana da hujja.

Abin da kalmar ke nufi shi ne raba kuɗin sayen mota a kan shekarun da za ta yi tana aiki. Mu ɗauki misali. An sayi bas naira miliyan 30, ana sa ran ta yi shekara 6, a ƙarshe a sayar da ita miliyan 6. Cire 6 daga 30, saura 24. Raba 24 gida 6, miliyan 4 ke nan kowace shekara. In tana fita kwana 300 a shekara, kullum ta fita ta ci wa kanta kusan naira 13,300, kafin a yi maganar mai ko direba. Kalmar da za mu ba ka dole ta ɗauki wannan rabon.

Hajiya Mai Fassara: Raguwar ƙima. Gajeriya ce, kuma ba ta karo da ta naira.

Bakaniken Gumel: Hajiya, a gareji cewa muke mota ta gaji, taya ta suɗe, inji ya fara shan mai. "Gajiyar mota" kowane direba zai gane. Amma a kula, kada masu sauraro su haɗa shi da kuɗin gyara. Juyen baƙin mai, birki, kuloci, taya, duk waɗannan kashewa ce ta yau da gobe, layinsu daban. Ko ka yi sabis a kan lokaci, bodi da giyabos suna tsufa. Abin da ya shafi wancan lissafin shi ne babban aiki, kamar sauke inji a sa wani, don shi yana ƙara wa motar shekaru.

Ɗan Kazaure: Kalmar ita ce "zaizayar jari". Ku dubi yadda ruwa ke cin gaɓar gona, ba a rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan, sai ka wayi gari kunya uku sun tafi. Haka jarin mai mota yake tafiya. Manomi zai gane, ɗan boko zai gane. Malam rubuta kawai.

Akawun Tasha: Hoton ya yi kyau, amma jari ba kadara ba ne. Jari na iya zaizayewa ta hanyar bashi, ko sata, ko faɗuwa a kasuwa. Nan kadara ɗaya ake magana, ita motar.

Ɗan Kazaure: To "zaizayar kadara". Ban ga abin da ya rage ba.

Alaramma na Gujungu: Ku yi haƙuri in sa baki. Larabawa a littattafan lissafinsu ihlak suke cewa, wasu su ce istihlak, kuma tushensu ɗaya da "halaka" da muke faɗa kullum. Riba, hasara, amana, hisabi, duk daga can suka zo mana, sun zauna daram. Me zai hana wannan ma?

Ɗan Kazaure: Allah gafarta Malam, a gudu daga Turanci a faɗa Larabci, ina amfanin? Hausa ba ta rasa baki ba. Wannan raina kai shi ya sa yaranmu ke ganin ba a iya ilimi da harshenmu. Ga kalma ta gida mai tushe, ana ta kewaye-kewaye.

Alaramma na Gujungu: Yaro, "kadara" da kake riƙe da ita ka bincika asalinta tukuna. Aro ba raini ba ne.

Hajiya Mai Fassara: Ni abin da ke damuna da irin wannan gardamar, kullum a nan muke tsayawa. Bas, taya, birki, inji, kwandasta, wa ya taɓa jin kunyarsu a tasha? Wanda ya ce sai ya tsarkake Hausa daga aro, to ya fara da sauka daga mota. Kuma "halaka" ba za ta yiwu ba, Alaramma. Ka ce wa mai mota ga kuɗin halakar motarsa, hatsari zai hango, ya ce a'uzubillahi.

Ɗan Kazaure: Shi ya sa na ce zaizaya.

Malamin Ringim: Don Allah a dawo kan layi, lokaci na tafiya. Wani ya turo mini "cinyewar kadara", wai kamar yadda bakin galma ke cinyewa.

Bakaniken Gumel: Kar ka kuskura. A taron da ake maganar kuɗin ƙungiya ka furta "cinyewa", ma'aji za a juya a kalla.

Baba Tsohon Manaja: 'Ya'yana, kafin ku zaɓi suna ku san inda masu sauraron za su yi tuntuɓe. Mutumin karkara abin da ya sani shi ne shanun huɗa: ya saya, su yi masa damina biyu ko uku suna jan galma da amalanke, ya kiwata su, ya kai Maigatari ranar Alhamis ya sayar da riba. Da wannan idon yake kallon mota. Ita kuwa mota akasin haka take, ba ta ƙiba.

Abin da ke kashe harkar bas, ta gwamnati ko ta ɗan kasuwa, yawanci ga shi. Direba ya kawo balas da yamma, a cire mai, a cire kamasho, a cire gyara, abin da ya rage a kira shi riba a raba. Alhali a cikinsa akwai naman motar kanta. Shekara biyar ana murna, ranar da inji ya buga babu ko kwabo na sayen wata. Sai a koma ciro kayan wannan a ɗaura wa waccan, motoci goma su koma shida, shida su koma uku, fasinja su gaji da jira su koma wa adaidaita sahu. Tun shirin sufurin jama'a da gwamnatin Babangida ta ƙaddamar a 1988 ake sayo bas-bas a ƙasar nan, sayen bai taɓa zama abu mai wuya kamar maye gurbinsu ba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani, domin mai ya cinye kaso mai yawa na kuɗin shiga, wannan layin da ba ya kuka shi ake fara mantawa.

Kuma ku raba abu biyu. Na farko rubutu ne a littafi, ba kuɗi ba ne a hannu. Na biyu shi ne a ware kuɗin da gaske a ajiye. Kamfani na iya rubuta miliyan 4 a littafi, asusunsa babu komai. Ko ya ajiye ɗin ma, miliyan 24 ta shekara 6 masu zuwa ba lallai ta sayi irin motar ba, don haka ajiyar a riƙa auna ta da farashin sabuwar mota na yau, ana dubawa kowace shekara.

Ni da za a bi tawa: na littafi a ce "kason tsufa", na ajiya a ce "asusun maye gurbi".

Akawun Tasha: Ranka ya daɗe, wannan ta kama, domin "kaso" ya ɗauki rabon. Kuma tana lanƙwasuwa: kason tsufa na bana, jimillar kason tsufa, kason tsufa na kowace kilomita ga masu auna shi da tafiya. Har hanya ta biyu ta lissafin za ta shiga, wadda ake cire kaso ɗaya daga abin da ya rage: kashi 25 cikin ɗari na miliyan 30 shi ne miliyan 7.5 a shekarar farko, ta biyu a cire daga 22.5, ya ba da miliyan 5.6 da ɗoriya. Waccan ka ce "rabon daidai", wannan "rabo mai raguwa".

Hajiya Mai Fassara: Ga mota ta zauna. Amma "kason tsufa" shi kaɗai, wani zai ɗauka kuɗin fansho ne. Ka riƙa haɗa shi da abin: kason tsufan mota, kason tsufan gini. A kanun labarai kuwa har yanzu "raguwar ƙima" zan sa.

Ɗan Kazaure: Kwamfutar ofis ba tsufa take ba, yayinta ke wucewa. A nan kalmarku za ta gaza, zaizaya ba za ta gaza ba.

Bakaniken Gumel: Kwamfuta ma ba ta zaizayewa ai.

Malamin Ringim: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda na rubuta: "Kason tsufan mota, wato abin da ake cirewa kowace shekara daga kuɗin sayenta." Asusun maye gurbi na ba shi layinsa. Misalin ruwa da gaɓar gona kuma zan yi amfani da shi wajen bayani da baki.

Ɗan Kazaure: Ban gamsu ba, amma tunda gobe ne, a tafi da shi haka. Bayan taron ka dawo ka faɗa mana wacce direbobin suka riƙe.