Wane font (salon haruffa) zan sa a banar mai masa?

Ɗan Wunti: Salam jama'a. Wata hajiya mai sayar da masa a wajen kasuwar Muda Lawal ta kawo min aikin banar talla, ta ce tana son rubutu mai ƙiba wanda ya ɗan jingina gefe, irin na bayan rigar 'yan ƙwallo, yadda mai Keke zai karanta yana tafe. Manhajar zane ta Corel nake amfani da ita. Dan Allah wanne zai fi dacewa?

Malam Injin Fleks: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da hajiya take nufi shi ake kira slab serif, haruffan da ƙafafunsu suke da kauri kamar an ɗora su a kan bulo. Duba Rockwell Bold Italic, wato mai ƙiba mai jingina, in akwai Office a kwamfutarka galibi yana ciki. Tsohon font ne, kamfanin Monotype suka fitar da shi a 1934, amma salon ya girme shi nesa, tun 1815 Vincent Figgins ya fara sayar da irinsa a Landan saboda masu buga talla da fosta, daman can don a hango daga nesa aka yi shi. Jinginar kuma ita ke sa rubutun ya zama kamar yana sauri. Amma fa sunan shagon kawai za ka sa da shi, kalma biyu ko uku, kar ka ce za ka jera farashi da lambar waya da shi don cunkushewa suke yi, ka nemi siriri mara ƙafa kamar Arial ka sa a ƙasa, kuma ka ɗan buɗa tsakanin haruffa saboda ƙafafun suna son taɓa juna in ya yi ƙiba.

Ummi Zane: Gaskiya Malam ya faɗa, sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Rockwell ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. In sunan ya ƙunshi "daɗi", ɗ ɗin zai fito ɗan akwati ko wani siriri daban a tsakiyar ƙattai, abin ba kyan gani. Ni ko dai in juya rubutun zuwa curves, wato ya koma zane, in zana lanƙwasar ɗ ɗin da hannu, ko in ɗauko Charis SIL, kyauta ne, yana da bold italic da haruffanmu duka, sai dai bai kai Rockwell nauyi ba.

Ɗan Wunti: Aunty ai kuwa "Masa Mai Daɗi" ne sunan. Roboto Slab fa? Shi nake da shi.

Malam Injin Fleks: Wannan ba shi da italic sam, in ka karkatar da shi da kanka O da S sai su fito a murɗe. Tsaya kan Rockwell ɗin, ka zana ɗ kamar yadda ta ce, ka fara buga shi a A4 ka manna a bango ka ja baya ka gani kafin ka kai fleks.