Dan Allah a taimaka min da shawara kan tsara ɗaki ɗaya, saura min sati biyu juri (ranar da zan kare zanena a gaban malamai)

Ɗalibar zanen gine-gine:
Assalamu alaikum 'yan gidan nan, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema, kaina ya ɗaure wallahi. Ina aji biyu a sashen zanen gine-gine, an ba mu furojet na wannan simasta wai kowa ya tsara cikin ɗaki ɗaya irin sef-kwanten ɗin nan da mutum ɗaya zai zauna, komai da komai a ciki, wurin kwana da wurin zama da wurin karatu da ɗan kicin da banɗaki. Girman duka mita 4 ne da mita 5, wato murabba'in mita 20, kuma banɗaki ya riga ya cinye 1.2 da 2.1 a kusurwa. Tsayin silin mita 2.8. Ƙofa tana bangon kudu, taga ɗaya ce babba a bangon yamma. Malam ya ce ba a taɓa ƙofa ba a taɓa banɗaki, amma an yarda mutum ya ƙara taga ɗaya in yana da hujja.

Ni dai kwana uku na yi a shafin hotuna na Pinterest ina tara hotuna, na zana gado siks bai siks, kujera mai cin mutum uku, wadurob, teburin karatu, ga POP (silin ado na filasta) mai hawa biyu da fitilu kala-kala, ga kafet fari mai gashi. A SketchUp, manhajar zane ta kwamfuta, ya yi kyau kamar ɗakin amarya, amma da na kai wa malam ya duba sai ya ɗaga takardar ya ce min "to mai ɗakin a ina zai taka ƙafarsa?" ya miƙo min abata bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Masu sani dan Allah ta ina zan fara gyara, me zan cire me zan bari?

Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminku ya yi miki adalci ma, a juri da ba haka za su faɗa miki ba. Rufe Pinterest tukuna ki ɗauko tef. Siks bai siks ƙafa shida ne kowane gefe, kusan mita 1.83 kenan, shi kaɗai ya haura murabba'in mita 3, kuma gado ba ya zama shi kaɗai, sai kin bar masa hanya ta gefe aƙalla santimita 60, babbar hanyar wucewa kuma 75 zuwa 90. Wadurob zurfinsa santimita 60, ki ƙara wurin da murfinsa zai buɗe da wurin da mutum zai tsaya. Kantar kicin zurfi 60 tsayi 90, teburin karatu tsayi 75, ga kujerarsa da za a ja baya. Ƙofar shigowa ita ma in ta buɗe tana share nata rabon, ki zana wannan bakan da take yi in ta buɗe a filan ɗinki, wato zanen ɗakin in an kalle shi daga sama, yawancin ɗalibai mantawa suke. In kin haɗa lissafin nan da kanki za ki ga kujerar mutum uku ba ta da mazauni.

Sannan tambayar da ta fi duk wannan: waye zai zauna a ɗakin? "Mutum ɗaya" ba amsa ba ce. Namiji ne ko mace, me yake yi, yana girki ko a waje yake ci, yana da baƙi? Ki zauna ki rubuta yininsa tun daga asuba har ya kwanta, daga nan kayan ɗakin za su fito da kansu.

Kafinta daga Kano:
Hajiya ni ban yi makarantar zane ba amma shekarata da yawa ina shigar da kaya irin ɗakunan nan, kuma sau nawa muna kai gado ya ƙi shiga ƙofa sai an kwance shi a tsakar gida mai ɗaki na tsaye tana salati. Mutum ɗaya katifa ƙafa huɗu da rabi ta ishe shi har ya yi juyi, in ma an matsu ƙafa uku. Ki manna gadon da bango ta gefe ɗaya, ki ɗaga shi kamar santimita 40, ƙarƙashin a yi durowa biyu manya masu taya, nan za a zuba bargo da zannuwan gado da kayan sanyi da ba a taɓawa sai hunturu. Wadurob kuma ki kai shi har silin kar ki bar wannan gurbin na sama, ba abin da yake tarawa sai ƙura da gizo-gizo da tsofaffin akwatuna, murfinsa ya zama mai zamewa ba mai buɗowa ba.

Abu ɗaya da zai burge malamanku, falanki ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, in kika yi awonki ya dace da haka ba za a yi asarar katako ba, ki rubuta musu hakan a gefen zanen. Kuma dan Allah kar ki sa MDF, wato falankin garin katako da aka matse, a ƙasan wurin wanke-wanke ko jikin bangon banɗaki, ruwa na taɓa shi yake kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Filawud mai kyau ki sa a nan, ki yi masa ƙafa ya bar ƙasa saboda mofin da gara.

Ɗan aji uku:
Ni a ganina ki yi gadon sama kawai, irin wanda ake hawa da tsani, teburin karatu a ƙarƙashi. Fili biyu a wuri ɗaya. Wani ɗan ajinmu haka ya yi bara kuma zanen ya yi kyau sosai.

Injiniya:
A takarda yana kyau ɗan'uwa. Amma duba lissafin, silin mita 2.8 ne. In za a zauna a ƙasa a yi karatu ba tare da an buga kai ba sai gadon ya kai wajen mita 1.6, ɗora katifa ya zama 1.8, saura mita ɗaya kacal zuwa silin, fanka kuma tana saukowa ta ci nata, wato fuka-fukanta suna daidai kan mutum in ya tashi zaune. Ga zafi sama yake taruwa, a watan Afrilu garin nan yana haura digiri 40, Nepa ta ɗauke wuta ƙarfe biyun dare kana kwance dab da silin, gasa mutum za ka yi. Irin wannan gadon ya fi dacewa da ƙasashen sanyi ko ɗaki mai dogon rufi. Wannan dalilin ne ma ya sa zan ce ta soke POP mai hawa biyun, ɗakin da ma ba tsayi gare shi ba.

Ɗan aji uku:
To na sallama yallaɓai, ban yi tunanin fankar ba gaskiya.

Anti mai labule:
'Yata ku masu zane kuna ba ni dariya, kullum ɗakinku ba buta ba bokiti kamar aljanu ne za su zauna. Ni tambayata a ina za ta yi salla? Sallaya tana son fili kamar santimita 70 da 120, kuma a nan arewa alƙibla gabas take ta ɗan karkata arewa, ki tabbata filin da kika bari ya fuskanci can, ba wai mutum ya ta da kabbara ƙofar banɗaki na gabansa ko sai ya ture kujera sau biyar a rana ba. Wannan filin dai shi ne kuma wurin zaman baƙi, a shimfiɗa darduma a jefa tum-tum biyu, an gama. Wa ya ce dole sai kushin? Mu da muka tashi a kan tabarma ba mu karye ba.

Sai ruwa. Famfo ba kullum yake kawowa ba, ki ware wurin jarka biyu masu lita 25 da bokiti, ko a ƙarƙashin kanta ko a lungun banɗaki, in ba ki ba su wuri ba su za su nemar wa kansu, tsakiyar ɗakin za su zauna. Takalma ma haka, ɗan kanta a bakin ƙofa. Tsintsiya, mofa, abin shanya in ana ruwa, ƙusoshin ɗaura gidan sauro, duk ki nuna su.

Farin kafet mai gashi kuwa hmm. Bari hunturu ta shigo daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sati ɗaya zai koma kalar ƙasa, kuma ba ya sharuwa da tsintsiya. Tayil ki sa mai haske, babba irin 60 da 60 don layukan su yi kaɗan ɗakin ya yi kamar ya fi haka faɗi, sai ƙaramar darduma da za a iya fitarwa a kakkaɓe. Fenti ma kar ki yi fari ƙal, ruwan madara ya fi rufa asiri, kuma mai santsi wanda ake gogewa da tsumma.

Na ƙarshe, sirri. Ƙofa na buɗewa kar idon mai sallama ya sauka kan gado. Iyayenmu da suka yi zaure ba wauta suka yi ba. Ki juya wadurob ko wata kanta ta tare tsakanin ƙofa da gado, ko labule mai sauƙi daga silin har ƙasa, ya zama ɗan ƙaramin zaure. Wannan in kika faɗa a juri da bakinki ba wanda zai ce daga intanet kika kwafo.

Mai gyaran gas:
Ni gas kawai zan yi magana a kai. Iskar gas ta girki ta fi iska nauyi, in ta yi yoyo ƙasa take kwanciya, shi ya sa ba a kulle silinda cikin kabad marar huji, balle a ɗakin da mutum ke barci. In da hali ki fitar da silindar waje cikin ɗan keji a jawo tiyo, in ba hali ƙarama mai kilo 6 ta isa, a wuri mai iska kusa da taga, nesa da labule. Janareta kuma ko da wasa kar ya shigo zanen cikin ɗaki, hayaƙinsa kisa yake ba a ji ba a gani.

Wani ɗan gwagwarmaya:
Ku dai kuna ta lissafi, mu nan mu huɗu ne a ɗakin da bai kai wannan ba kuma har da babur muke shigarwa da dare. 'Yar'uwa in kin gama zanen a ba mu haya.

Injiniya:
Allah ya yassare malam. Ƙanwata na manta maganar taga, kuma ita ce damar da malaminku ya ajiye miki ya ga ko za ki gane. Taga ɗaya ba ta sa iska ta ratsa ɗaki, sai da mashiga da mafita. Tunda wadda ake da ita a yamma take, ƙarin ki sa shi a gabas in bangon na waje ne, ko a arewa kusa da kicin don hayaƙi da ƙamshin girki su samu hanya. Ki guji taga mai zamewa, rabinta kawai ke buɗuwa, mai buɗewa waje ko luba ta fi ba da iska, a sa mata raga saboda sauro. Ta yamman kuma ita ce mai kwaso ranar la'asar, ki yi mata rumfa ta waje ko 'yar inuwa, don labule yana tare haske ne bayan zafin ya riga ya shigo. Kar ki kwantar da kan gado a ƙarƙashinta.

Maman biyu:
Ni ado zan ƙara. Bango ɗaya kawai ki yi wa kwalliya ki bar sauran su huta. Faya-fayi masu kala guda biyar ko bakwai a jere a saman gado, ko yadin shuni irin na marinar Ƙofar Mata a matsayin labule ko murfin filo, tum-tum na fata daga kasuwar Kurmi, shi kenan ɗaki ya samu kamanni. Madubi dogo a jikin murfin wadurob yana ƙara wa ido fili. Kuma ki tuna alkuki na ɗakunan kakanninmu da ake ajiye fitila, ki yi irinsa a gefen gado maimakon durowar gefe, waya da caja da fitila mai caji duk su zauna a ciki, ki sa soket a wurin.

Ɗalibar zanen gine-gine:
Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Jiya da daddare na ɗauko alli na zana mita 4 da 5 a tsakar gidanmu, na jawo katifar ƙanina da kujerun roba na jera yadda na zana da farko, wallahi da gefe-gefe na riƙa wucewa, Umma tana ta dariya tana cewa ko wasan 'yar gala-gala na koma. Kujerar mutum uku ta tafi, POP ya tafi, kafet ya tafi, gadon ya koma huɗu da rabi mai durowa. Mai ɗakin kuma na yanke nas ce da aka turo aiki garin da ba ta da kowa, tana dutin dare wani satin, don haka zan sa labule mai kauri a tagar yamma saboda barcin rana. Taga ta biyu na sa ta arewa a kan kantar kicin don bangon gabas na maƙwabci ne. Anti zauren nan na ɗauka, wadurob ne ya tare ƙofa.

Abin da ya rage teburin karatu, duk inda na ajiye shi sai ya shiga filin salla. Kuma model ɗin, wato ɗan samfurin ɗakin da zan haɗa, a wane sikeli (ma'auni) zan yi?

Kafinta daga Kano:
Mai ninkewa za ki yi Hajiya, falanki santimita 80 da 50 a jikin bango da hinjis biyu masu ƙarfi, in an gama a sauke shi ya kwanta jikin bango. Kujerar ta zama stul marar jingina da zai shige ƙarƙashin kantar kicin.

Injiniya:
Filan da sekshan (zanen ɗakin kamar an yanka shi a tsaye) ki yi a 1:20, wato santimita 1 a takarda santimita 20 ce a ɗaki, tunda ɗakin ƙarami ne, kayan ɗaki za su fito sosai, a 1:50 komai zai dunƙule. Model ma 1:20, zai ba ki santimita 20 da 25, kwali mai kauri da gam sun isa, ki bar rufin a buɗe. Ki yanka ɗan mutum na kwali mai tsayin santimita 8 da rabi ki tsayar da shi a ciki, ki zana kibiyar arewa da ta alƙibla a filan. In kin gama turo hoton mu gani kafin ki kai wa malam.